SOMALIYA: BINDIGAR BAƘO DA BUHUN BAƘO BA SU GINA ƘASA

Da asubahin ranar 9 ga watan Disamba na shekarar 1992 Miladiyya ne sojojin Amurka suka sauka a gaɓar tekun Mogadishu, babban birnin Somaliya, inda suka tarar 'yan jaridar ƙasashen Yamma sun riga su isa, sun kakkafa fitilu da na'urorin ɗaukar hoto suna jiran su. An shaida wa duniya a lokacin cewa aiki ne na ɗan lokaci: za a buɗe hanya, a kai wa mayunwata abinci, a juya gida. Yau an haura shekaru 30 da wannan sauka, amma har yanzu akwai dubban sojojin ƙasashen waje a Somaliya, har yanzu miliyoyin mutanenta suna jiran abincin agaji, kuma gwamnatin da ke Mogadishu ba ta iya riƙe ƙasar da ƙarfin kanta. Tunda kuwa ana ta jin muryoyi a wannan yanki suna kira da a gayyato sojojin manyan ƙasashe su zo su yi maganin 'yan bindiga, har ma Amurka ta yi barazanar kawo hari Nijeriya a watan Nuwamba na 2025, ta kuma harba makamai a jihar Sakkwato a watan Disamba na shekarar da sanin gwamnatin tarayya, ya zama wajibi matashi mai hankali ya zauna ya karanci labarin Somaliya daga tushe. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, taimakon ƙasashen waje ya daɗe a Somaliya tun kafin ta rushe, kuma yana daga cikin abubuwan da suka rusa ta. Janar Muhammad Siyad Barre ya ƙwaci mulki a watan Oktoba na 1969, ya jingina da Tarayyar Sobiyet, ita kuma ta cika masa rumbu da tankokin yaƙi da jirage. Da ya shiga yaƙi da Habasha a kan yankin Ogaden a 1977, sai Sobiyet ta juya masa baya ta koma bayan Habasha, shi kuma ya kori mashawartanta ya nufi Amurka. A 1980 aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba Amurka damar amfani da tashar ruwa da filin jirgin sama na Barbera, ita kuma ta riƙa ba shi makamai da kuɗi. Wato cikin shekaru 21 na mulkinsa, manyan ƙasashen duniya biyu masu gaba da juna kowacce ta ɗauki nauyinsa bi da bi, kuma babu wadda ta tsaya tambayar yadda yake yi da talakawansa, domin abin da ya dame su shi ne mashigin Babul Mandab da hanyar jiragen ruwa masu ɗauke da man fetur.

Shi kuwa shugaban da abincinsa da makaminsa ke zuwa daga waje, ba ya da buƙatar yardar mutanensa. Bayan yaƙin Ogaden, sansanonin 'yan gudun hijira sun zama wata hanyar samun kuɗi ga gwamnati, ana kumbura yawan mutanen da ke ciki domin a ƙara yawan buhunan da za a aiko, abincin kuma yana ɓullowa a kasuwa da barikokin soja. Manomin dawa da masara na bakin kogunan Juba da Shabelle ya kai amfanin gonarsa kasuwa ya tarar hatsin kyauta ya karya farashi. A 1988 kuma, da mutanen arewa suka yi tawaye, jiragen gwamnati suka tashi daga filin jirgin birnin Hargesa suka yi wa shi birnin kansa ruwan bama-bamai, dubban mutane suka halaka, sauran suka tsere zuwa Habasha. Da yaƙin cacar baka ya ƙare, aka daina buƙatar Siyad Barre, sai kuɗin suka tsaya, ya faɗi a watan Janairu na 1991. Abin da ya bar wa Somaliyawa gado shi ne tarin makaman da baƙi suka ba shi, da gabar ƙabilanci da ya shuka domin ya daɗe a kan kujera.

Da waɗannan makamai ne Janar Muhammad Farah Aidid da Ali Mahdi Muhammad suka raba Mogadishu biyu, da su ne kuma mayaƙan ɓangarori daban-daban suka yi ta kai-komo a yankin manoma na tsakanin kogunan nan biyu, suna wawashe rumbuna da dabbobi har da irin shuka. Saboda haka yunwar 1992, wadda ta ci rayuka tsakanin 200,000 da 300,000, ta kuma mai da garin Baidowa abin da aka riƙa kira birnin mutuwa, hannun mutane ya fi fari yawa a cikinta. A watannin da mutuwar ta fi tsanani, ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya mafi yawansu suna zaune a Nairobi. Ƙungiyar agaji ta Red Cross da matan Somaliya masu girki a ɗaruruwan madafai da aka buɗe su ne suka riƙe mutane. Wakilin Majalisar a lokacin, Muhammad Sahnun ɗan ƙasar Aljeriya, wanda ya bi hanyar zama da dattawa da 'yan kasuwa da malamai har aka fara ganin haske, ya fito fili ya soki nawar hukumomin Majalisar, abin da ya kai shi ga barin aiki a watan Oktoba na 1992. Masu bincike da dama sun nuna daga baya cewa kafin sojojin Amurka su iso a Disamba, ruwan sama ya sauka, farashin hatsi ya fara faɗuwa, yawan mace-mace kuma ya riga ya fara raguwa.

Adalci ya hukunta a faɗi cewa zuwan rundunar, mai sojoji kimanin 37,000 waɗanda 25,000 daga cikinsu Amurkawa ne, ya buɗe tashar ruwa da hanyoyi, abinci ya isa ƙauyukan da a da ba ya isa, an kuma tsirar da rayuka. Amma ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairu na 1993 jaridar Los Angeles Times ta Amurka ta bayyana cewa kamfanonin man fetur huɗu na Amurka, Conoco da Amoco da Chevron da Phillips, sun riga sun karɓi izinin neman mai a wani babban yanki na Somaliya tun zamanin Siyad Barre, kuma harabar kamfanin Conoco a Mogadishu ce jami'an Amurka suka mayar masaukinsu. Wannan kaɗai bai isa hujjar cewa saboda mai aka zo ba, amma ya isa ya sa mai hankali ya riƙa tambaya duk lokacin da aka ce masa tausayi ne zalla ya kawo jiragen yaƙi.

Daga watan Mayu na 1993 aikin ya koma hannun Majalisar Ɗinkin Duniya, manufarsa kuma ta canza daga ciyar da mayunwata zuwa ƙwace makamai da kafa gwamnati. A nan ne baƙon da ya zo rabon faɗa ya zama ɗaya daga cikin masu faɗan. Ranar 5 ga Yuni aka kashe sojojin Pakistan 24 a arangama da mutanen Aidid. Sabon wakilin Majalisar, wani tsohon hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Jonathan Howe, ya sa ladar dala 25,000 ga duk wanda ya taimaka aka kama Aidid, kamar dai ana cigiyar ɓarawon shanu. Ranar 12 ga Yuli jiragen Amurka masu saukar ungulu suka yi luguden wuta a kan wani gida da dattawan ƙabilar Aidid suke taro a ciki, alhali daga cikinsu akwai masu neman a sasanta. Red Cross ta ƙirga gawa 54. Jama'ar da suka fusata suka kashe 'yan jarida huɗu da suka zo ɗaukar labari. Tun daga wannan rana mutanen kudancin Mogadishu, har waɗanda a da ba sa ƙaunar Aidid, suka ɗauki baƙin sojojin a matsayin abokan gaba. A watan Satumba aka kashe sojojin Nijeriya bakwai a wani kwanton ɓauna a birnin. Ranar 3 zuwa 4 ga Oktoba aka harbo jiragen Amurka biyu, aka kashe sojojinta 18, su kuma suka kashe ɗaruruwan Somaliyawa, ciki har da mata da yara. Sunayen Amurkawan nan 18 a rubuce suke, an yi musu littafi an yi musu fim, amma har yau babu wanda ya tsayar da adadin Somaliyawan da suka mutu a wannan dare.

Ba Amurkawa kaɗai suka bar tabo ba. A watan Maris na 1993 sojojin Kanada a garin Baladwaini sun kama wani yaro ɗan shekara 16, suka azabtar da shi har ya mutu, suka kuma ɗauki hotuna. Abin kunyar ya kai gwamnatin Kanada ta rushe rundunar baki ɗayanta a 1995. Amurka ta kwashe sojojinta a watan Maris na 1994, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi bayanta a Maris na 1995, bayan ta kashe fiye da dala biliyan ɗaya da rabi. Mafi yawan wannan kuɗi ya tafi ne wajen ɗawainiyar su baƙin, abin da ya faɗo ƙasa kuwa ya shiga aljihun masu ba da hayar gidaje da motoci da masu gadi, waɗanda galibinsu mutanen madugan yaƙi ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An tafi an bar madugan da aka zo murƙushewa sun fi da ƙiba.

Bayan tafiyar baƙi, sai aka shiga zamanin tarukan sulhu a otel-otel na ƙasashen waje, daga Alƙahira a 1997, zuwa Arta ta Jibuti a 2000, zuwa Kenya daga 2002 har 2004. Wanda ya fi yawan bindigogi shi ake ba kujerar gaba a irin waɗannan taruka, don haka duk mai son a gayyace shi sai ya tara 'yan daba ya tare hanya. A can cikin gida kuwa, talakawa da 'yan kasuwa sun nemi mafita da kansu. Unguwanni suka kafa kotunan shari'a domin hukunta ɓarayi da masu fyaɗe, 'yan kasuwa suka ɗauki nauyinsu, kamfanonin waya da na aika kuɗi suka bunƙasa ba tare da gwamnati ba. A watan Nuwamba na 2001 Amurka ta rufe Al-Barakat, kamfanin aika kuɗi mafi girma a ƙasar, bisa zargin alaƙa da Alƙa'ida, dubban iyalai suka rasa hanyar karɓar abin da 'yan'uwansu ke aiko musu, daga baya kuma binciken ita Amurkar bai tabbatar da zargin ba.

A farkon 2006 hukumar leƙen asirin Amurka ta riƙa ba wa wasu madugan yaƙin Mogadishu kuɗi domin su yaƙi kotunan, da sunan yaƙi da ta'addanci. Jama'ar gari, waɗanda suka shekara 15 suna shan azabar waɗannan madugai, suka mara wa kotunan baya, kafin watan Yuni ya ƙare birnin ya koma hannun Haɗaɗɗun Kotunan Musulunci. Aka ɗauke shingayen karɓar kuɗi daga tituna, aka kwashe shara, aka buɗe filin jirgin sama da tashar ruwa waɗanda suke rufe tun 1995. Wannan zaman lafiya wata shida kacal ya yi. Ba za a ɓoye ba cewa a cikin kotunan akwai masu zafin kai da suka riƙa cika baki suna barazana ga Habasha, suka kuma matsa wa gwamnatin riƙon ƙwarya da ke Baidowa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Disamba na 2006 sojojin Habasha, da goyon bayan Amurka, suka kutsa har Mogadishu suka tarwatsa kotunan.

Abin da ya biyo baya shi ne babban darasin da ke cikin wannan labari. Dattawa da malamai masu sassauci suka tsere zuwa ƙasashen waje, fagen ya koma hannun wani ɓangaren matasa masu ɗauke da makamai da ake kira Al-Shabab, waɗanda a da ƙaramin reshe ne da manya ke iya tsawatar wa. Mamayar tsohuwar abokiyar gaba ta ba su abin da ba su da shi, wato dalilin da zai sa matashi ya bi su. Cikin shekaru biyu dubban fararen hula suka mutu, ɗaruruwan dubbai suka bar Mogadishu. Habasha ta janye a watan Janairu na 2009, kuma a cikin wannan watan aka zaɓi Shaikh Sharif Shaikh Ahmad, shugaban kotunan nan da aka kora, ya zama shugaban ƙasa, manyan ƙasashe suna tafa masa. To, abin tambaya a nan shi ne, idan mutumin ya cancanci a zauna da shi a 2009, me ya hana a zauna da shi a 2006, kafin a zubar da wannan jini? Ana maganin ƙaba, kai ya kumbura.

Al-Shabab kuwa ta nuna wa duniya cewa ƙin baƙo kaɗai ba ya mai da mutum mai gaskiya. Ita ce ta kashe mutane 74 masu kallon ƙwallo a Kampala a 2010, da mutane 67 a wata cibiyar kasuwanci ta Nairobi a 2013, da mutane 148 a jami'ar Garisa a 2015, galibinsu ɗalibai. Ranar 14 ga Oktoba 2017 wata babbar mota maƙare da bama-bamai ta tashi a tsakiyar Mogadishu ta kashe fiye da mutum 500, kusan dukansu Musulmi talakawa masu neman abincinsu, kuma kowa ya san inda yatsa ya nuna. Ta kashe malamai da dattawa, ta tona ƙaburburan shehunai, ta tilasta wa iyaye ba da 'ya'yansu. Duk matashin da zafin zuciya ke raya wa cewa maganin zaluncin baƙo shi ne ya bi duk wanda ya ɗaga tuta ya ɗauki bindiga, to ya dubi wanda ya fi mutuwa a hannun waɗannan mutane.

Yunwar 2011 ta haɗa laifin ɓangarorin biyu a wuri guda. An yi ta gargaɗi watanni kafin ta auku. Amma Al-Shabab ta kori ƙungiyoyin agaji da dama daga yankunanta, ita kuma Amurka, wadda ta fi kowa ba da abinci, ta rage taimakonta saboda dokokinta na hana kuɗi isa ga 'yan ta'adda, ƙungiyoyi suka ji tsoron shiga kada a tuhume su. Kafin wannan, a 2010, wani kwamitin sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zargin cewa kusan rabin abincin agajin da ake kaiwa ana karkatar da shi zuwa ga 'yan kwangila da mayaƙa. Sakamakon haka kimanin mutane 260,000 suka mutu tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2012, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2017 kuwa, da fari ya dawo, an yi sauri an aika wa mutane kuɗi ta wayar hannu suka sayi abinci a kasuwanninsu, aka kauce wa irin waccan musiba. Ashe agajin gaggawa yana ceton rai idan ya zo da wuri, ya bi ta hannun mutanen gari, kuma ba a ɗaura masa siyasa a wuya ba.

Tun 2007 rundunar Tarayyar Afirka take Somaliya, da sojojin Yuganda da Burundi, daga baya Kenya da Jibuti da Habasha, har yawansu ya taɓa kai kimanin 22,000, Tarayyar Turai ce kuma ta ɗauki nauyin alawus ɗinsu. Sun fitar da Al-Shabab daga Mogadishu a 2011 da Kismayo a 2012, sun kuma yi asarar rayuka masu yawa. An canza wa rundunar suna a 2022, an sake canzawa a farkon 2025, kowane lokaci ana cewa shirin miƙa tsaro ne ga 'yan ƙasa. Amurka ta kwashe sojojinta kimanin 700 a farkon 2021, ta mayar da wasu a 2022. Turkiyya ta buɗe babban sansanin horar da soja a Mogadishu a 2017. Kowace ƙasa tana horar da tata bataliyar da nata salon. Zaɓen shugaban ƙasa na 2017 da na 2022, 'yan majalisar da wakilan ƙabilu suka tsayar ne suka yi shi, a cikin harabar filin jirgin sama, baƙin sojoji suna gadi. A kasafin kuɗin 2024, abin da gwamnati ta tara da kanta bai kai rabi ba, sauran daga masu ba da taimako ne. Ita kuwa Al-Shabab, ma'aikatar kuɗi ta Amurka ta ƙiyasta a 2022 cewa tana tara kimanin dala miliyan 100 a shekara daga harajin dole, kuma an sha ba da rahoton cewa mutane daga cikin Mogadishu suna fita su kai ƙarar rikicin fili kotunanta, saboda sun fid da rai da samun hukunci a kotunan gwamnati ba tare da cin hanci ba. Wannan shi ne ainihin ciwon, kuma babu jirgi marar matuƙi da zai warkar da shi. Da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji a 2025, cibiyoyin ciyar da yara da asibitoci da dama a Somaliya suka rufe ƙofa, ba tare da an shawarci ko uwa guda daga cikin masu kai 'ya'yansu wurin ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

A cikin ita Somaliyar akwai abin kwatance. Yankin arewa maso yamma, wanda ya ayyana kansa a matsayin Somaliland a watan Mayu na 1991, shi ne wanda Siyad Barre ya fi ragargazawa, kuma rundunar 1992 ba ta je can ba. Dattawan ƙabilu da malamai suka zauna a garin Borama a 1993 har tsawon watanni, jama'ar gari da 'yan kasuwa suna ciyar da su, suka daidaita maganar jini da diyya da ajiye makamai, suka naɗa Muhammad Ibrahim Egal shugaba. Da yake yankin ya shafe fiye da shekaru 30 babu ƙasar da ta amince da shi, gwamnatinsa ba ta samun rancen manyan bankunan duniya, dole ta dogara da harajin tashar Barbera da na fataken dabbobi, wanda kuma ke cin harajin mutane dole ya saurare su. A zaɓen 2003 ƙuri'a 80 ce tsakanin na ɗaya da na biyu, wanda ya faɗi ya haƙura. A 2010 da 2024 shugaba mai ci ya sha kaye ya miƙa mulki. Wannan ba yabon ɓallewa ba ne, kuma yankin yana da nasa aibin, ciki har da jinkirta zaɓe da yaƙin da aka yi a garin Las Anod a 2023. Abin lura dai shi ne, sulhun da aka ƙulla a kan tabarma da kuɗin mutanen gari ya fi wanda aka ƙulla a otel da dalar baƙi daɗewa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai karatu zai iya cewa ai akwai inda zuwan baƙin sojoji ya yi rana, kuma gaskiya ne. A Saliyo sojojin ECOMOG ƙarƙashin jagorancin Nijeriya sun mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tijan Kabbah a 1998, sojojin Ingila suka shigo a 2000, yaƙin ya ƙare a 2002. Amma a can akwai gwamnatin da jama'a suka zaɓa da hannunsu, 'yan tawayen kuma masu datse hannuwan mutane ba su da goyon bayan talakawa, baƙin sun taimaka wa abin da yake tsaye ne. Akwai kuma inda aka buƙaci a zo aka ƙi zuwa. A Ruwanda a 1994, wata shida bayan abin da ya faru a Mogadishu, ana cikin yanka mutane Kwamitin Sulhu ya rage sojojinsa daga kimanin 2,500 zuwa 270, aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100. Wanda ya haɗa waɗannan labarai zai gane cewa manyan ƙasashe suna zuwa ne a lokacin da suka ga dama, su tafi a lokacin da suka ga dama, ma'auninsu kuma maslaharsu ce da siyasar cikin gidansu. Maƙwabta ma sun shaida haka: Faransa ta shiga Mali a 2013 ana yi mata kirari, ta fita a 2022 bayan rikicin ya bazu har Burkina Faso da Nijar. Waɗanda aka kawo a madadinta, sojojin hayar Rasha, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Mura a watan Maris na 2022 a farmakin da sojojin Mali suka kai tare da baƙin mayaƙa. Canza ubangida ba shi ne 'yanci ba.

Saboda haka amsar tambayar nan ta ko sojojin waje da taimakon waje suna gyara ƙasar da ta rikice ita ce, suna iya tsayar da jini na ɗan lokaci, suna iya riƙe ran mayunwaci zuwa kaka, kuma duk wanda aka ceci ɗansa ba zai raina wannan ba. Amma ba su taɓa iya samar da abin da rashinsa ya kawo rikicin tun farko ba, wato shugabancin da yake jin tsoron Allah yake kuma jin kunyar jama'arsa, da alƙalin da talaka zai shiga gabansa ba tare da ya sayar da akuyarsa ba. Idan kuma suka daɗe, sukan zama katanga tsakanin shugaba da mutanensa, ta yadda zai fi damuwa da fushin jakadan wata ƙasa a kan kukan garinsu.

Abin da ya rage ga matasa shi ne su fahimci inda aikin yake. Somaliyawan da ke zaune a ƙasashen waje, direbobin tasi da masu gadi da ma'aikatan asibiti, an ƙiyasta suna aika wa gida fiye da dala biliyan ɗaya a kowace shekara, kuɗin da ke shiga hannun iyali kai tsaye ba tare da ɗan kwangila ya yanki rabonsa ba, kuma shi ne ya riƙe gidaje da makarantu a shekarun da babu gwamnati. Al'ummar da ta tsara zakkarta da waƙafinta, ta tanadi hatsi tun kaka domin ba a fafe gora ranar tafiya, ta horar da likitocinta da injiniyoyinta da malaman gonarta, ta kuma kashe wutar gaba tsakanin manomi da makiyayi tun tana ƙarama, ita ce ba za ta wayi gari tana roƙon baƙo ya zo ya raba ta da ɗan'uwanta ba. Matashin da ke zaune a majalisa yana jiran jirgin Amurka ko na Rasha ya kawo masa zaman lafiya, da wanda ya biye wa masu kafirta al'umma ya shiga daji, dukansu biyu sun miƙa makomarsu ga wanda bai san zafinsu ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Allah ya kawo wa al'ummar Somaliya ƙarshen wannan jarrabawa, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma tsare sauran ƙasashen raunana daga faɗawa irin wannan rami. Amin.